Kaset Ɗin Roni

Kaduna,
12 ga Yuni, 2019.

Zuwa ga Kawu Daudu, Gwiwa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna Saude da sauran mutanen gida. Ni lafiyata ƙalau, sai ɗan zazzaɓi da na yi bayan ƙaramar Sallah, shi ma ya sauka. Umma ta ce min ruwa ya zauna a wajenku har gero ya tsiro. Allah ya ba da damina mai albarka.

Na san waya ba ta yi maka amfani saboda kunnenka, shi ya sa na rubuto na ba Maikasuwa direba ya kawo maka.

Kawu, wata takwas ke nan da na fara aiki a Cibiyar Taskar Murya da Hoto a nan Kaduna. Aikinmu shi ne tattara tsofaffin kaset-kaset na rediyo da talabijin da fina-finai da wasan daɓe, mu goge su, mu juye su cikin kwamfuta, sannan mu ɗora a shafinmu na intanet, yadda duk mai waya zai buɗe ya kalla, ko a Babura yake. Tsakiyar watan gobe za mu buɗe baje koli kan ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na ƙasar Kazaure, kuma ni aka damƙa wa aikin tunda 'yar can ce.

Na tambayi Baba labarin ƙungiyarku ta Fitila, ya ce shi ya manta, in bar shi ya ji da hawan jininsa. Umma ce ta raɗa min cewa kai ne mai ɗaukar hoton ƙungiyar, kuma kana da akwati guda cike da kaset. Don Allah Kawu ka ara mana. Kaset ba ya jure shekaru. In aka ƙara biyar sai dai a zubar. Zan mayar maka da kowanne hannu da hannu.

'Yarka,
Halimatussa'adiyya Zaharadeen.

Gwiwa,
20 ga Yuni, 2019.

Zuwa ga 'yata Sa'adiyya.

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta iso, na karanta sau biyu, na kuma karanta wa Saude. Muna lafiya, sai gwiwar hagu da ke ƙara in zan tashi. Kunnen dama kuwa kin san ya daɗe da yin ritaya, na hagu ne ke ɗan taɓa aiki in an ɗaga murya. Mun fara noman fari.

Rabona da ke tun bikin yayanki Sadiq, ashe har kin zama ma'aikaciya. Ni da uwarki Mairo kakanmu ɗaya, a tsakar gida ɗaya muka yi rarrafe, don haka ba aro ba ne tsakanina da ke.

Kin tayar min da tsohon tsumi. Mu tara ne muka kafa Fitila shekarar da aka yanke mana jiha. Mukan hau a-kori-kura da janareto da lasifika ɗaya mai shaƙewa, mu bi kasuwanni: Kazaure, Roni, Gwiwa, Babura, har Yankwashi. Ba mu da labule sai zannuwan matanmu. Gemun dattijo da jelar akuya muke yi. Mahaifinki malamin makaranta ne a lokacin, shi ke tsara mana labari, kuma in ya fito a manomi sai ki rantse bai taɓa riƙe alli ba. Amma tauraronmu Lauwali ne, Allah ya jiƙansa. Mutum ya yi magana sau ɗaya a gabansa, to ya ɗauke muryarsa da tafiyarsa har da yadda yake sosa ƙeya. Na ga tsohuwa ta faɗi daga kan turmi don dariyar Lauwali.

Ni kuma ba ni da fuskar fitowa, sai aka ɗora min kyamara, wata ƙatuwa mai nauyin ɗan maraƙi, da muka sayo a hannun mai ɗaukar biki a Kano.

Yau da safe ina gona Maikasuwa ya biyo, Saude ta ɗora masa akwatin yadda yake, ko buɗewa ba a yi ba. Ki yi haƙuri da fumfuna da kashin ɓera. Wannan takarda za ta biyo bayansa gobe.

Ki gaida abokan aikinki.

Kawunki,
Daudu.

Gwiwa,
23 ga Yuni, 2019.

Sa'adiyya,

Muna lafiya. A gurguje nake rubutu, mota na jira.

A cikin akwatin akwai kaset guda da na ɗaure da jan ƙyalle, an rubuta Roni 1994 a jikinsa. Ban san yana ciki ba sai jiya da na duba inda nake zaton na ajiye shi. Ki fitar da shi tun kafin ki taɓa sauran. Wannan shi ne ya fi komai muhimmanci. Ba zan yi bayani a takardar da ke bin hannaye ba, sai mun gana.

Daudu.

Kaduna,
18 ga Yuli, 2019.

Zuwa ga Kawu Daudu.

Assalamu alaikum. Ina fatan gwiwar ta yi sauƙi, kuma Inna Saude na lafiya. Ka yafe min jinkirin amsa, aiki ne ya sha kaina, wani lokaci ko abincin rana a tsaye nake ci.

Akwati ya iso lafiya, kaset talatin da ɗaya. Ashirin da shida sun tashi, biyar sun riga sun mutu. Mun buɗe baje kolin ranar Litinin. Kawu, da ka ga mutane! An jera allunan kallo a zaure, kowa da abin saƙalawa a kunne, ɗalibai suna dariyar Lauwali kamar jiya ya yi wasan. Wani dattijo ɗan Kazaure da ke zaune a nan ya tsaya gaban allonku har aka tashi, yana share hawaye da bakin rigarsa.

Na bi umarninka. Kaset ɗin Roni shi muka fara fitarwa, shi ne ma a saman shafin, da sunanka a ƙarƙashi a matsayin mai ɗauka. Na gane dalilin da ya sa ka ce ya fi komai muhimmanci: wasan da ke ciki, Dillalin Gona, ya fi duk sauran wasanninku. Ban taɓa ganin Baba da ƙuruciya ba sai a nan. Siriri, da ɗan gashin baki, yana rantsuwa ba zai sayar da gonar gado ba. Na kalli wurin ya fi sau goma.

Abu ɗaya ya rage. Wajen minti goma sha ɗaya na ƙarshen zaren sun manne da fumfuna, hoton ya tsaya daidai inda Lauwali ya fara kwaikwayon wani mai i'ina. Abokin aikina mai gyara yana ɓamɓare shi a hankali. Ya ce in ya gama zai haɗa da sauran a shafin, kowa ya ga yadda wasan ya ƙare. Ni kaina na ƙagu.

Ban gaya wa Baba ba tukuna, so nake in ba shi mamaki da Babbar Sallah.

'Yarka,
Sa'adiyya.

Gwiwa,
24 ga Yuli, 2019.

Sa'adiyya,

Lafiyar jiki muna da ita. Takardarki ta kwana huɗu a tashar Kazaure kafin ta iso, na karanta a tsaye.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Cewa na yi ki fitar da shi daga cikin sauran, ki ware shi gefe, ba ki fitar da shi duniya ta gani ba. Laifina ne da na yi rowar kalmomi. Ki hana mai gyaran nan. In ya riga ya gama, ki sauke kaset ɗin yau, kada ki jira izinin kowa. Na sa Saude ta nemi lambarki, wadda muke da ita ba ta shiga, kuma ba zan iya neman sabuwa a gidanku ba tare da an tambaye ni dalili ba.

Tunda abin ya kai haka, ga abin da ke cikin mintunan nan. Gara ki ji daga gare ni.

Ranar kasuwar Roni ce, bayan la'asar, a wani fili bayan 'yan hatsi. Mai i'inar da Lauwali ya fara kwaikwayo kakanki ne, mahaifin Zaharadeen, wanda aka binne sati uku kafin ranar. Ba ya cikin tsarin wasan. Lauwali ne dariyar mutane ta ɗebe shi, ya shiga yin yadda marigayin ke cinikin akuya, kalma ta maƙale masa yana buga ƙafa. Fili ya ɗauka. Mahaifinki yana tsaye a tsakiya da kayan wasa a jikinsa, mutum ɗari biyar suna dariyar ubansa.

Sai bencin da mutane suka hau ya karye, na baya suka ruguzo kan na gaba, fili ya cakuɗe. A sahun gaba akwai wani makiyayi, Halliru, daga rugar da ke yamma da gari, ya dogara da sandarsa. Mahaifinki ya fizge sandar, ya ɗaga da hannu biyu, ya sauke wa Lauwali a ƙeya. Sau ɗaya. Lauwali ya faɗi rubda ciki, jini ta hanci da kunne, ƙafarsa tana shure ƙasa. Mahaifinki ya yar da sandar ya koma cikin mutane.

Halliru ya sunkuya ya ɗauki sandarsa. Abin da ya yi ke nan a duniya. Wani ya yi ihu, "Ga shi nan, ya kashe Lauwali!" Suka rufe shi. Da ƙafar benci, da duwatsun murhun masu tuya, da tabarya. Ya yi ta ɗaga hannu yana cewa ba shi ba ne, har hannun ya karye ya daina ɗagawa. Suka ja shi a ƙasa har bakin hanya. Kafin magariba an ƙone rugarsu, an sassare shanu.

Dutsen da aka jefa masa ne ya kuskure ya same ni a kunne. Ba ceto na je ba, kada ki ɗauke ni jarumi. Gudu na yi na bar kyamara a kan ƙafafunta tana ɗauka. Da na dawo na same ta ba abin da ya taɓa ta.

Bayan kwana uku na kunna ni kaɗai, na ga komai. A lokacin kina wata bakwai, goye a bayan Mairo. Na ce wa raina biyu sun tafi, kada in ƙara na uku. Na ɗaure kaset da ƙyalle, Fitila ta watse, kowa ya tafi a kan cewa Bafillace ne ya kashe Lauwali. Ni da mahaifinki ba mu taɓa yin maganar ba, amma ya san na sani. Shekara ashirin da biyar bai taɓa haɗa ido da ni ba.

Halliru ya bar mata, Ma'u, da ɗa mai shekara shida, Giɗaɗo. Yaron yana filin a ranar. Yanzu babban mutum ne, yana harkar dabbobi a kasuwannin nan, kuma yana da waya kamar kowa.

Ki sauke shi, 'yata.

Daudu.

Kaduna,
29 ga Yuli, 2019.

Kawu,

Ban san yadda zan gaishe ka ba. Ina raye dai.

Takardarka ta iso yau Litinin da hantsi. An haɗa ƙarshen kaset ɗin tun ranar Alhamis, ina Zariya karɓo wasu faya-fayan rediyo. Mai gyaran ya ga hoto ya tashi, ya ɗora, bai zauna ya kalla ba, ni ma ban kalla ba. Kwana huɗu yana kan shafi.

Na kulle ofis na kunna. Kawu, na ga fuskar Baba lokacin da yake ɗaga sandar. Sannan na sauke kaset ɗin da hannuna.

Amma an makara. Wani ya riga ya yanko wurin, minti biyu, ya zagaye kan Baba da jan layi, ya rubuta sunansa da unguwarmu a Babura. Yana yawo a wayoyi. Ni kaina mutum uku sun turo min, ɗaya ma ba ta san ubana ba ne.

Na kira Baba. Ya ɗauka, na ce, "Baba, na gani." Sai ya kashe wayar. Umma kuka kawai take yi. Yaya Sadiq kuwa ya kira ya zage ni tas, ya ce hoton ƙarya ne, haɗa shi aka yi da kwamfuta, kuma kai ka shirya don ka tozarta gidanmu. Na rantse masa kuskurena ne, bai saurara ba. Ya ce zai zo Gwiwa ya ji daga bakinka.

Ka san Yaya Sadiq da abokansa 'yan acaɓa. Don girman Allah ka bar gida, ka tafi wajen 'yarka a Achilafiya har abin ya lafa. Na kira lambar Inna Saude da Umma ta taɓa ba ni, a kashe take.

Ka amsa min ko da layi ɗaya ne.

Sa'adiyya.

Kazaure,
15 ga Agusta, 2019.

Zuwa ga Sa'adiyya.

Ni ce Saude. Ki yi haƙuri da rubutuna, na yaƙi da jahilci ne. Mun yi Sallah a asibiti. Kawunki yana raye, ya fara shan kunu da kansa. Takardarki tana hannuna, ta iso bayan abin ya riga ya faru.

Ranar talatin ga watan jiya, bayan azahar, yana zaune gindin darbejiyar ƙofar gida yana gyaran ƙotar fartanya. Babura uku suka tsaya, mutum shida, yayanki a gaba. Kin san ba ya ji, bai san da zuwansu ba sai da suka tsaya a kansa. Har ya yi murmushi ya miƙa wa Sadiq hannu.

Sadiq ya ce, "Nawa aka biya ka?" Kawunki ya juyo da kunnen hagu ya ce, "Me ka ce, ɗana?" Sai Sadiq ya ɗauka raini ne. Ya kwaɗa masa mari har hula ta faɗi. Ɗaya ya zaro sarƙar babur. Suka kayar da shi suna takawa, suna dukansa da ƙotar da ke hannunsa. Na fito da gudu na faɗa kansa, sarƙar ta same ni a goshi, ɗinki bakwai aka yi min. Ina jin ƙarar ƙashin hannunsa da ya karye. Bai yi ihu ba, cewa kawai yake, "Sadiq, gaskiya ne. Sadiq, gaskiya ne." Kowace faɗa sai sun ƙara masa.

Biyu suka shiga ɗakin da yake ajiye tarkacen Fitila, suka zuƙo fetur daga babur suka watsa. Kyamarar nan, da lasifika, da hotuna, da littattafan da mahaifinki ya rubuta wasanni da hannunsa, duk sun zama toka. Wutar ta lashi rumbu ɗaya. Da maƙwabta suka taso daga gonaki da fartanyu sai suka hau babura suka gudu.

Hannun hagu ya karye gida biyu, haƙarƙari uku, haƙora biyu sun fita. An kama Sadiq da mutum biyu. Kawunki ya ce shi ba zai yi ƙara ba, ni na ce ni zan yi, goshina nawa ne.

Ni ban san abin da ke cikin kaset ɗin nan ba sai a gadon asibiti. Shekara ashirin da biyar ina share ƙurar akwatin nan. Har yanzu ban gama yi masa fushi ba, ina dai ba shi kunu.

Abin da ya sami mahaifinki a kasuwar Babura kin fi mu sani, mu jita-jita muke ji. Wasu sun ce ya rasu, wasu sun ce a'a. Kawunki bai bar ni na huta da tambaya ba. Ki rubuto.

Saude.

Kano,
24 ga Agusta, 2019.

Zuwa ga Kawu Daudu da Inna Saude.

Assalamu alaikum. Ya jiki? Allah ya ba ku lafiya, ya sa kaffara ne. Na kasa zuwa in dube ku. Ba hanya ce ta hana ni ba, kunya ce.

Baba bai rasu ba. Muna asibiti a nan Kano, sati biyu ke nan. An yanke masa hannun dama daga gwiwar hannu.

Ana saura kwana biyu Sallah ya ce zai je kasuwa sayen rago. Umma ta riƙe masa riga, ya ce ya gaji da zaman ɗaki. Yana cikin 'yan tumaki wani dogon mutum ya tsaya gabansa ya ce, "Kai ne Malam Zaharadeen?" Ya ce shi ne. Mutumin ya ce, "Ni ne ɗan mai sandar." Ya zaro adda. Baba ya kare da hannu, saran farko ya raba hannun, na biyu ya sauka a kafaɗa.

Kasuwa ta rufe Giɗaɗo. Waɗanda suka gani sun ce da turakun ɗaure dabbobi aka yi ta dukansa, wani ya kawo taya, wani yana neman ashana. Baba ya ja jiki a ƙasa, jini na zuba, ya kwanta a kansa. Yana cewa, "Ku bar shi! Ni na kashe Lauwali, ubansa bai yi komai ba! Wanda zai ƙone shi ya haɗa da ni!" Haka suka tsaya cirko-cirko har 'yan sanda suka iso. Giɗaɗo ya rasa ido ɗaya, yana tsare. Duk da haka da yamma wasu matasa sun je sun ƙone bukkoki huɗu na wasu makiyaya da ba su ma san Halliru ba, suka fasa wa wani tsoho kai.

Shekaranjiya Baba ya sa aka kira jami'an 'yan sanda ya ba da bayani da bakinsa, aka dangwala masa yatsan hagu. Da suka fita na kasa kallonsa. Ya ce, "Sa'adiyya, tun ranar nan ban ƙara cin abinci na ji daɗinsa ba. Ina aji ina koyarwa sai in ji ƙarar sandar." Na ce, "Amma ka bari aka kashe mutumin, Baba, kana kallo." Ya ce, "Ina kallo." Ni ke wanke masa dungulmin kowace safiya.

An dakatar da ni a wurin aiki har a gama bincike, kuma daidai ne. 'Yan sanda sun karɓi kwafin kaset ɗin. Shugabanninmu sun rabu biyu, wasu sun ce a kulle shi har abada, wasu sun ce tarihi ne.

Tambaya ɗaya ke hana ni sukuni, Kawu, kada ka ji haushi. Tunda ka yanke shawarar yin shiru, me ya sa ba ka ƙone shi ba tun a lokacin?

'Yarka,
Sa'adiyya.

Gwiwa,
10 ga Satumba, 2019.

Zuwa ga 'yata Sa'adiyya.

Wa'alaikumus salam. An sallame mu, muna gida. Hannun yana cikin filasta, numfashi mai zurfi har yanzu da zafi. Goshin Saude ya warke. Maƙwabta sun yi mana gayya sun nome gonar, gero ya fitar da kai. Ki gaida Mairo. Ki gaida mahaifinki, ki ce masa in an kira ni kotu zan faɗi abin da na gani, har da abin da na ji ya yi a kasuwar Babura in an tambaye ni ra'ayi.

Ki daina kunyar zuwa. Ke kwana huɗu kika yi kuskure, ni shekara ashirin da biyar.

Kin tambayi dalili. Sau biyu na kai kaset ɗin bakin murhu. Na kasa. Muddin yana nan, akwai abu ɗaya a duniya da ya san Halliru bai kashe kowa ba. Ban iya faɗa ba, ban kuma iya kashe mai faɗa ba. Tsoro ne kawai mai fuska biyu, kada ki ba shi wani suna.

Ranar Asabar na sa aka kai ni rugar da Ma'u take, gabas da Roni. Saude ta raka ni. Mazan wurin suka taso da sanduna da suka ji sunana, wani ya tofa min yawu a riga. Ita ta fito ta ce a bar ni. Ta tsufa, idonta ɗaya ya yi hakiya. Ta shimfiɗa min buzu nesa da ita, ba ta ba ni ruwa ba.

Na gaya mata komai, ban rage ba. Ta ce shekara ashirin da biyar ana kiran ɗanta ɗan mai kisa, an hana shi mata biyu saboda haka, yau ga shi ya ɗauki adda da gaske, ga shi a kulle da ido ɗaya. Ta ce, "Da ka yi magana a lokacin, da ɗana yana gida." Na ce haka ne.

Ta ce an kawo mata waya ta kalli abin da ke yawo, ta ƙi. Ta ga gawar mijinta da idonta, ba ta bukatar ta ga yadda aka yi ta. Sannan ta ce, "An ce kafin abin, ana ganinsa a tsaye. Gaskiya ne?"

Na ce gaskiya ne. Na tuna sarai. Dab da karyewar bencin nan na juya kyamara kan 'yan kallo, na daɗe a kansa saboda yadda yake dariya, ya rungume sandarsa, malafarsa ta zame baya, har yana dafa kafaɗar na kusa da shi.

Ta ce bai taɓa ɗaukar hoto ba. Ta ce tun shekara goma da suka wuce fuskarsa ta ɓace mata, in ta rufe ido sai dai tsayinsa. Ta ce, "Ban yafe maka ba, Daudu, kuma kada ka sa rai. Amma ka kawo min wannan wurin."

Don haka ga roƙona. Ki nemi izinin shugabanninki, ko an dakatar da ke. Abin da za su yi da sauran kaset ɗin, su tambayi Ma'u da dangin Lauwali, ba ni ba, ba ke ba. Amma wannan wurin ki yanko mata shi. Ba zai kai minti ɗaya ba. Ki sa a ƙaramar waya mai riƙe caji, rugar babu lantarki, ki kuma wanke hoto ɗaya a takarda, babba, saboda idonta.

Ki duba da kyau kafin ki aiko, ki kalla har ƙarshe. Ki tsayar da shi yana cikin dariya, tun kafin hannun mahaifinki ya shigo hoton.

Kawunki,
Daudu.